Aman da Muka Ɗauka Taifot Ne

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni malamar lise ce, wato sakandare, a Garwa.

In budurwa tana yawan amai, mukan ce taifot ne ko ciki. Haka muka yi wa ɗalibata Hadiza, har mahaifinta ya daina kula ta. Da ta suma a aji, na kai ta asibiti. Likita ta ga haƙoranta sun zaizaye, ta ce, "'Yata, yatsa kike sawa a maƙogwaro?" Sai Hadiza ta fashe da kuka. Ashe takan ci abinci mai yawa a ɓoye, ta amayar don tsoron ƙiba. Sunan ciwon bulimiya, kuma ana jinyarsa. Har yau ba ta dawo aji ba, kujerarta babu kowa.

Iyaye, ku gwada tambayar 'ya'yanku cikin taushi kafin zargi.