Murfin Madubi

A ɗakin jira na tashar Dubbo, wata dattijuwa ta nuna doguwar jakar da ke gaban wani mutum.

"Bawan Allah, ganga ce?"

"Na'urar kallon taurari ce, Mama. Naɗe ta ake yi. Akwai madubi a gindinta mai tara haske wuri guda."

"Har na rana?"

"Shi ya sa ake rufe shi. A manta shi buɗe cikin busasshiyar ciyawa, nan take wuta ta tashi. Da idona na gani a Brannock ranar Lahadi."

Dattijuwar ta daɗe tana kallonsa.

"Tumakina duk sun ƙone a Brannock. Mu an ce mana tsawa ce ta tada gobarar. Ina murfin naka?"

Mutumin ya ja jakar ƙarƙashin benci.