Wayar da Ilu Ya Yanke a Salansa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanka da aiki.

Ni tsohon malamin makaranta ne a Unguwar Shanu. Da na yi ritaya na sayi tsohuwar bas 'yar Beljiyam, wato ta hannu daga Turai, ina kai burodi Rigachikun. Watan jiya ta fara tari da baƙin hayaƙi, tana shan mai kamar da gayya. Mai gidan burodi ya ce in na sake makara, wani zai ba aikin.

Bakanikena Ilu ya canja filogi sau biyu, sannan ya ce, "Malam, a cire tarkacen Turawan nan a sa mata kafireta." Na ƙi. A littafin motar na karanta cewa akwai 'yar na'ura a jikin salansa mai sunsunar hayaƙi, ita ke gaya wa inji yawan man da zai sha. Na shiga ƙarƙashi da kaina, sai ga wayarta a yanke!

Ilu ya sosa ƙeya: "Ni ne, ranar walda. Na ɗauka a ƙasar sanyi kawai take da amfani."

Mun haɗa wayar, tarin ya ragu amma bai tafi ba, na'urar ta gaji. Masu sauraro, ina ake samun sabuwa? Ko Legas ce zan je, burodin nan ba zan sake shi ba.

A gaida min Ilu, a ce ya ajiye almakashin.