Inuwar da Yaya Bawa Ya Bar Mini

'Yan'uwa, sallama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ban iya dogon zance ba. Zan faɗa in zauna.

Kun gan ni, zabiya ne. Mu biyu uwarmu ta haifa haka, ni da yayana Bawa. Yaran unguwarmu ta Zango suna ce mana Turawan da ba su da mota.

Aikin shanya fatun shanu muke yi a bayan mayanka. Mutum ɗaya yana rumfa yana kankare kitse, ɗaya yana fili yana kafe fatu a rana. Kullum Bawa ne a fili.

In na ce mu yi canji sai ya ce, "Zauna, ƙane. Hannunka kamar na mai dama koko, fatun mutane za ka ɓata."

Na san ƙarya yake. Na zauna. Inuwa tana da daɗi.

Wuyansa ya yi kaushi, leɓensa ya tsattsage. Sai ƙurji ya fito masa a kunne, ya ƙi warkewa. Tsofaffi suka ce kada ƙarfe ya taɓa shi, zai bazu. Muka yi ta shafa man kaɗe da saiwoyi. Gyambon ya cinye kunnen, ya gangara muƙamuƙi. Bawa ya rasu, ya bar 'yarsa Ladi, ita ma irin fatarmu.

Daga ranar na koma fili. Ba hula, ba riga. Ina so rana ta karɓi abin da na hana ta.

Bara, shekarar da aka sauke tutar Turawa, nawa ƙurjin ya fito a ƙeya. Na ɓoye shi. Na ce rabona ne ya iso.

Maƙwabciyarmu Maame Akosua, mai tuyar kifi, ita ta gani. Ta ce, "Audu, mutuwa kake kira? To, in ka tafi, wa zai hana Ladi shiga rana? Ni ce?"

Ta ja ni nan ɗakin sujada kamar akuya. Na durƙusa, ban san yadda ake addu'a ba. Na ce, "Yesu, inuwar ɗan'uwana na ci. In ka bar ni, zan zama inuwar 'yarsa."

Tsoron ƙarfe ya fita daga raina. Na je asibitin mishan. Likita ya yanke wurin, ya ɗinke. Ya ce da na ƙara jinkiri, da ya bi jiki. Ya ce malafa da riga mai dogon hannu, har ƙarshen raina.

Ga tabon. Bai dawo ba. Godiya ta tabbata ga Ubangiji!

Ba zan ce muku nauyin ya sauka duka ba. In na shiga rumfa, har yau muryar Bawa nake ji. Amma Yesu yana kama mini.

Ku dogara gare shi. Wanda yake da ƙurjin da ya ƙi warkewa, kada ya jira tsofaffi.

Ga Ladi can baya, cikin malafar da ta fi kanta girma. Ita ce a rumfa yanzu. In ta ce mu yi canji, abin da ubanta ya faɗa mini nake faɗa mata.