Keken da Baba Ummaru Ya Haɗa

Mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu sauraro. Sunana Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce ni a wani ƙauye kusa da Kagara.

Muna da wani dattijo mai gyaran keke, Baba Ummaru. Tun rani yake haɗa wani keke mai tayoyi masu faɗi da giyar canza gudu, har da sifirin na tsohon babur. Mutane suka yi ta yi masa dariya, ni ma na yi.

Da damina maciji ya sari wata mata a gonar shinkafa. A ɗakin shan maganinmu ba mu da firji, saboda haka ba ma ajiye allurar maciji, sai an je Goronyo. Ga hanya duk laka, ko babur ba ya wucewa. Baba ya ce, "Ɗiyata, mi za a amso? Rubuta mani." Ya hau keken nan ya bi ta gefen magudanar ruwa, ina kallonsa har ya ɓace. Kafin la'asar sai ga shi, laka har ƙirji, allura a cikin kular ƙanƙara. Na yi wa matar allurar, ta warke, jiya ma ta kawo mana albasa.

Yanzu yana son ya zagaya Wurno, Rabah da Goronyo a kan keken, a tara gudummawa a saya mana firji mai aiki da hasken rana. Masu sauraro, wa za mu nema ya ɗauki nauyin tafiyar? Ku ba mu shawara, don Baba ya riga ya sa wa keken iska.