Teburin Mutum Biyu a Jirgin Ruwa

A wani ofishin tikiti a unguwar Al-Murabba ta birnin Riyadh, Munzali direba yana ta juya takardar jirgin ruwan shaƙatawa, sai dattijon gefensa ya leƙo.

"Da Hajiya za ka? To nemi teburin mutum biyu tun yanzu, kada a haɗa ku da masu shan giya."

"Mu kaɗai, Baba? Shekara sha tara da aure, ban taɓa cin abinci tare da matata Rakiya ba. Me zan ce mata?"

Dattijon ya tuntsire da dariya. "Kai dai ci kifinka. Tawa tun daga Jidda ta fara magana, har muka dawo ba ta ƙarasa ba."

Munzali ya yi jim, sannan ya matsa wajen ma'aikacin yana murmushi. "Ya akhi, teburin mutum biyu."