Kututturen da Ya Fito a Hoto

A shagon kayan kamun kifi na bakin tafkin Guntersville, tsoho Wendell, mai kula da zauren masunta na intanet, yana zaɓen tanar roba ta sa wa ƙugiya, sai wani saurayi da bai sani ba ya dafa kantar shagon yana huci.

"Baba, ka ji zalunci! Kifin bas na kama mai nauyin laba tara, na sa hotonsa a zaurenmu, wani tsohon banza ya goge."

"Me ya fito a bayanka, ɗana?"

"Ruwa mana, sai wani kututture mai reshe biyu."

"To ka ji. Mutum dubu shida ne a zauren nan. Kafin Asabar jiragen ruwa arba'in za su yi wa wurin zobe, su kwashe komai."

"Kututture ai kututture ne."

"Ban da wannan. Jefa baƙar tana ta gefen inuwarsa, ka ƙirga goma kafin ka ja. Shekara talatin bai taɓa ba ni kunya ba."

Saurayin ya ƙare masa kallo. "Baba, ban faɗa maka inda yake ba."

Wendell ya tura masa ledar baƙar tana. "Gobe in ka kama, ɗauki hoton kifin kwance a cikin jirgi. Tsohon banza ba zai goge ba."