Ƙanwata Ta Daina Nemana

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Yagana daga Mafoni.

Ƙanwata Falmata tun tasowarta haka take: da safe ta ce ba ta da kamarka, da yamma ka zama maƙiyinta. In ranta ya ɓaci sai ta farfasa kwanuka, ta ce za ta illata kanta. Ni ake kira. Ni na sha zagi, ni na sha cizo, ni na bi maƙwabta ina ba da haƙuri.

Da muka je asibiti aka ce ba aljanu ba ne, lalura ce ta ɗabi'a, kuma maganinta zama da wata likita su yi ta magana duk mako. Ni ke kai ta a keke, in zauna kan benci, su rufe ƙofa.

Ran sunan ɗan yayanmu wata ta yi mata habaici. Na zabura zan riƙe Falmata kamar kullum. Sai ta fita, ta wanke fuska da ruwan randa, ta ja numfashi, ta dawo ta ce, "Zauna, Yaya. Anti likita ta koya mini."

Anti! Matar da ko tabon haƙorin Falmata babu a hannunta. Yanzu har Mama ita take sa wa albarka.

Wallahi na gode wa Allah da ta samu sauƙi. Amma Malam, kishin matar nan nake yi. Masu sauraro ku ba ni shawara: ita Falmata an koya mata zama ba tare da ni ba, ni wa zai koya mini?